Jakar kilo 40 da ta bi ta rariya

Ɗan ƙanwata ne ya rubuta 'yar manhajar, ni kuma na duba na ce ta yi. Saboda haka in za a raba laifi, kasona ya fi nasa.

Lokacin kwasar alhazai ne, bayan an sauko daga Mina, muna taimaka wa wani ofishi a Misfala da ke kula da masaukin baƙi 'yan gida da kayansu. Duk wanda ya taɓa ganin wannan makon a Makka ya san yadda harabar masauki ke komawa: jaka kan jaka, dabino, darduma, jallabiya, tasbaha, da tsarabar da aka yi wa dangi alkawari tun kafin a taso. Ana auna kowace jaka a rubuta nauyinta. Wadda ba ta wuce kilo 32 ba a loda ta a motar Jidda, wadda ta wuce a mayar wa mai ita ya rage. Aikin manhajar ke nan kawai, ta bi jerin nauyin ta fitar da masu ƙiba. Da harshen Python aka rubuta ta, layi huɗu:

```
kaya = [20, 35, 40, 18]
for jaka in kaya:
    if jaka > 32:
        kaya.remove(jaka)
```

Ko wanda bai saba da irin wannan rubutu ba zai iya bin ma'anarsa: ga jerin kaya, bi su ɗaya bayan ɗaya, in jaka ta haura 32 cire ta. Babu kuskuren harafi, kwamfuta ba ta yi ƙorafin komai ba. Amma in ka buga abin da ya rage za ka ga 20, 40, 18. Ta 35 ta fita, ta 40 tana nan daram. Haka irinta ta hau mota, ta yi tafiya har Jidda, sai a ma'aunin filin jirgi aka kama ta. Mai ita dattijo ne, ya durƙusa yana zazzage kayansa a bainar jama'a.

Abin da ke faruwa shi ne, `for` ba jaka yake kallo ba, gurbi yake ƙirgawa. A cikinsa akwai 'yar lamba da ke farawa daga sifili, kowane zagaye ta ƙaru da ɗaya, sai ya je gurbin da lambar ta nuna ya ɗauko abin da ya tarar. Ka ɗauka mutum huɗu ne zaune a benci a ƙofar likita, mai kira kuwa kansa a sunkuye, wurin zama yake lissafawa ba fuska ba. Ya kira na farko, lafiya. Ya kira na biyu, aka ce ya tashi ya fita. Da tashinsa sai na uku ya muskuta ya cike wurin, na huɗu ya biyo bayansa. Mai kira ya ce na uku, alhali wanda ke wuri na uku yanzu tsohon na huɗu ne. Shi wancan da ya muskuta babu wanda ya tambaye shi komai. Jerin Python haka yake, ba ya barin giɓi. Duk abin da aka cire sai na bayansa sun matso, kuma wanda ke manne da shi ne ke tsallakewa ba a duba shi ba.

Da na nuna masa, yaron ya ce, "Kawu, wallahi na gwada ta kafin in kawo maka." Gaskiyarsa, ya gwada. Sai dai a nasa gwajin jerin 35, 20, 40, 18 ne, aka kuwa samu 20 da 18, daidai abin da ake so. A can ma an yi tsallaken, har sau biyu, don ba a taɓa duba 20 da 18 ɗin ba. An dai yi sa'a marasa laifi ne suka tsallake. Cutar ba ta bayyana sai masu nauyi biyu sun jeru kafaɗa da kafaɗa. A gwajin da mutum ya ƙirƙira da kansa da wuya ya jera su haka, yakan gauraya ne don ya ga abin ya yi kama da gaske. Rajistar gaske kuwa ɗaki-ɗaki ake rubuta ta, 'yan ɗaki ɗaya tare suke zuwa kasuwa, abin da wannan ya saya wancan ma sai ya saya. Miji da mata, 'yan gari ɗaya, duk a jere suke, nauyinsu ma a jere.

Maganin da ya fi sauƙi mata sun san shi tun kafin a ƙera kwamfuta. Mai tankaɗe ba ta zama tana tsince tsaki daga cikin ƙwaryar da take ɗiba. Ƙwarya biyu take ajiyewa, ta ɗiba nan, gari ya zuba can. A Python ana rubuta shi a layi ɗaya:

```
masu_tafiya = [jaka for jaka in kaya if jaka <= 32]
```

Tsohon jeri ba a taɓa shi ba, don haka babu mai muskutawa. Wannan salon rubutu ya shigo ne a Python 2.0 cikin Oktoban 2000, an aro shi daga harshen Haskell. Kafin shi akwai `filter`, wanda ya zo tare da `map` da `lambda` da `reduce` tun 1994. A 2005 Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro harshen, ya rubuta cewa yana so a yi watsi da su a Python 3, don a ganinsa salon baka-biyun nan ya fi sauƙin karantawa. A ƙarshe `filter` ya tsira, `reduce` ne aka kora zuwa ɗakin ajiya na `functools`. Sauran harsunan duk suna da tasu rariyar. JavaScript ya samu `filter` a hukumance a ƙa'idarsa ta 2009, Ruby na da `select` da kishiyarsa `reject`, Perl na da `grep`, PHP na da `array_filter`. Dukkansu sabuwar ƙwarya suke miƙo maka.

Sabuwar ƙwaryar ma tana da nata tarkon, kuma shi ne ya fi ruɗa masu koyo. A Python suna ba shi ne jeri ba, alama ce da aka liƙa wa jeri, kamar takardar da ake manna wa jaka. Jaka ɗaya tana iya ɗaukar takarda biyu. In wani ɓangare na manhajar, a ce mai buga takardar direba, ya riga ya riƙe tsohon jerin, kai kuma ka rubuta `kaya = [...]`, to ka ciro takardar ne ka manna wa sabon jeri. Shi mai buga takarda yana nan riƙe da tsohon, da jakar 40 da komai. In kana so kowa ya ga canjin sai ka rubuta `kaya[:] = [...]`, ma'ana a zubar da abin da ke cikin tsohuwar ƙwaryar a juye sabon a ciki. Bambancin alama uku ne kacal, amma na ga an kwana ana nemansa.

Wasu sukan bi ta kwafi, su rubuta `for jaka in kaya[:]` su ci gaba da `remove` ɗinsu. Yana aiki, ban dai cika son sa ba. Na farko, `remove` ba gurbin da kake tsaye yake cirewa ba, yakan koma farkon jeri ne ya cire abu na farko da ya yi daidai da wanda ka ba shi. Na biyu, kowace cirewa sai an bi jerin an nemo, sannan duk na baya su matso. Da alhazai 200 ba za ka ji komai ba. Da layi 100,000 da za a cire rabinsu, motsin ya haura biliyan, inda tankaɗe zai wuce sau ɗaya tak ya gama.

Akwai inda ba ka da zaɓin ƙwarya ta biyu, ko kuma kana ganin ba ka da shi. Yawancin ofisoshin da ke hidimar alhazai da masu umara ba Python suke taɓawa ba, Excel ne da Google Sheets, sai wani yaro ya rubuta musu ɗan umarnin da zai goge layukan waɗanda suka riga suka tafi. Cutar bencin nan ce sak: ka goge layi na 5, na 6 ya hau ya zama na 5, kai kuma ka wuce na 6. A nan dabarar ita ce a faro daga ƙasa a yi sama. In ka goge na ƙarshen benci, waɗanda za su matso ka riga ka gama da su. Haka ake yi da `splice`, umarnin cire abu daga jeri, a JavaScript ma. Duk da haka a Google Sheets ni na fi son a kwashe teburin gaba ɗaya da `getValues`, a tace, a share, a mayar da `setValues`. Goge layi ɗaya-ɗaya kowanne saƙo ne zuwa ga na'urorin Google, umarnin kuwa minti 6 ake ba shi kafin a katse shi. In aka katse shi a tsakiya, an goge rabi an bar rabi, babu mai gaya maka inda aka tsaya.

Abin da ke ba ni haushi da jeri shi ne shirunsa. Ƙamus na Python, wato `dict`, wanda ke haɗa makulli da abin da ke ƙarƙashinsa, kamar lambar fasfo da lambar ɗaki, ba ya yarda da wannan wasa. Ka cire masa makulli ana cikin zagaye, nan take zai tsayar da aikin da `RuntimeError`, ya ce girman ƙamus ya canza ana tsakiyar bi. Masu koyo sukan ji haushin jan rubutun nan. Ni kam gara mini shi sau goma, don wanda ya yi maka ihu a ofis ya hutar da kai jin kunya a Jidda.

Tun Python 3, wanda ya fito a Disamban 2008, `filter` ya daina miƙo jeri, sai dai alkawarin jeri. Ba ya tace komai sai an nema, kuma in an sha sau ɗaya ya ƙare. Ka ƙirga abin da ya fito don ka san mota nawa za a kira, sannan ka sake bi don ka buga sunaye, takarda za ta fito fara fat, ba tare da wani gargaɗi ba. Wannan rowar tana da amfani sosai ga fayil mai layi miliyoyi, don ba sai an ɗora shi duka a ƙwaƙwalwar kwamfuta ba. Ga rajistar masauki ɗaya kuwa, a naɗe shi da `list` tun farko a huta.

Da muka gyara zagayen na ɗauka an gama. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Zagaye abu ne da in ka gane shi sau ɗaya ka gane har abada. Sharaɗin, wato abin da ke bayan `if`, shi ne ke canza kama da kowace rajista, domin shi ne wurin da kwamfuta ke haɗuwa da rubutun mutane.

Fara da abu mafi arha. In nauyin ya shigo a matsayin rubutu ba lamba ba, kamar yadda yake fitowa daga fom ko saƙon WhatsApp, to "9" ya fi "32" girma, a Python da JavaScript duka. Harafi-harafi ake gwadawa kamar jeren ƙamus, 9 kuwa yana bayan 3. Jakar hannu mai kilo 9 sai ta faɗa cikin masu ƙiba, ta kilo 100 ta wuce salin-alin.

Sai kuma abin da mu mazauna nan muke karo da shi wanda littattafan koyo ba sa kawowa. Ma'aikacin masauki da wayarsa ke kan Larabci zai rubuta ٤٠ ne ba 40 ba. Python ya san waɗannan lambobi, `int("٤٠")` zai ba ka 40 lafiya lau. JavaScript bai san su ba, `Number("٤٠")` zai ba ka `NaN`, alamar da ke nufin wannan ba lamba ba ce. Halin `NaN` kuwa shi ne duk tambayar girma da aka yi masa amsarsa a'a. Ka fi 32? A'a. To kai 32 ne ko ƙasa? A'a. Ka lura da abin da wannan ke haifarwa. A bakin mutum, "cire masu nauyi" da "riƙe marasa nauyi" magana ɗaya ce. A wurin kwamfuta biyu ce. In ka ce a cire wadda ta haura 32, jakar ٤٠ za ta zauna a jerin masu tafiya ta hau mota. In ka ce a riƙe wadda ba ta haura 32 ba, za ta faɗo, kuma in jerin masu ragi da kishiyar tambayar aka haɗa shi, can ma ba za ta shiga ba. Jaka tana nan a haraba, mai ita yana jira, amma a takarda babu ita ko'ina.

Gurbin da aka bari ba a cike ba ya fi wannan sharri. JavaScript yana ɗaukar rubutu maras komai a matsayin sifili in ana gwada girma, `null`, alamarsa ta babu, ma haka, saboda haka jakar da ba a auna ba sam za ta amsa cewa ba ta kai 32 ba, ta bi sahun masu tafiya. Masu son gajarta rubutu kuma sukan ce bari su fara share guraben banza da `filter(None, kaya)` a Python ko `filter(Boolean)` a JavaScript. Wannan tsintsiya ba ta bambanta babu da sifili. In rajistar bashi ce, wanda ya biya tas aka rubuta masa 0 zai ɓace tare da wanda ba a rubuta masa komai ba. Kowane harshe kuma da nasa ra'ayin kan abin da ake kira wofi: a Ruby sifili gaskiya ne, `nil` da `false` kaɗai ke faɗuwa, a PHP har rubutun "0" ƙarya ne, jeri maras komai ƙarya ne a Python amma gaskiya ne a JavaScript. Wanda ke tsalle daga wannan harshe zuwa wancan da haddar guda ɗaya, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. 

Tace sunaye kuwa nasa babin daban ne. Ka nemi 'yan Ƙaura Namoda, rabi an rubuta su da ƙ mai lanƙwasa rabi da k, kwamfuta kuwa haruffa biyu take gani da ba su haɗa komai ba. A Larabci أحمد da احمد haka suke, hamza ɗaya ta raba su. Wannan ba ya gyaruwa a cikin `if`. Kafin a zo tacewa ake daidaita rubutun, a mayar da shi siffa ɗaya, a ajiye asalin a gefe don bugawa.

Duk waɗannan abu ɗaya ya haɗa su: rariya gida biyu ta sani, abin da ya zuba da abin da ya tsaya, rajistar mutane kuwa gida uku ce. Akwai wanda ya cika sharaɗi, akwai wanda bai cika ba, akwai wanda ba a ma gane abin da aka rubuta masa ba. Layin nan ɗaya mai kyan gani dole ya tura na ukun cikin ɗayan biyun, kuma ba zai faɗa maka wanne ba. Shi ya sa a aikin da ya shafi kayan mutane ko kuɗinsu nake komawa ga tsohon `for` mai layi da yawa, ko da yara za su ce Kawu ya tsufa. Na sa yaron ya sake rubutawa da tsibi uku, kowace jaka da lambarta, a ƙarshe kuma a haɗa lissafi a ga ko ya yi daidai da abin da aka fara da shi:

```
tafiya, ragi, duba = [], [], []
for lamba, rubutu in rajista:
    try:
        kilo = float(rubutu)
    except ValueError:
        duba.append(lamba)
        continue
    if 0 < kilo <= 32:
        tafiya.append(lamba)
    elif kilo > 32:
        ragi.append(lamba)
    else:
        duba.append(lamba)
assert len(tafiya) + len(ragi) + len(duba) == len(rajista)
```

Duk rubutun da ya ƙi zama lamba, `float` zai yi ƙara, a jefa shi tsibin dubawa. Gurbi maras komai can zai faɗa. Haka ٣٢٫٥ ma, don Python ya san lambobin Larabci amma bai san waƙafin da ake raba goma-goma da shi ba.

Yadda sharuɗɗan suka jeru a sama ba haka ya fara rubuta su ba. A rubutunsa na farko `else` motar Jidda yake kaiwa: in sifili ne ko ƙasa a duba, in ta haura 32 a rage, duk sauran su tafi. Da muka gwada da rajistar wannan daren, lissafi ya cika cif, amma ina bin jerin masu tafiya da ido sai na ga wata jaka da na san ba ta hau ma'auni ba. Muka koma rajista. Wanda ya cike gurbinta Bahaushe ne, ya ga jakar a ɗaki bai samu ya auna ba, sai ya rubuta "nan", wato tana nan. Python kuwa yana karɓar `float("nan")` hannu biyu, don a wurinsa wannan shi ne sunan `NaN` ɗin da ke amsa a'a ga kowace tambaya. Ba ta gaza sifili ba, ba ta haura 32 ba, sai ta gangara `else` ta shiga mota.

Yaron ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Kawu, ashe Python ma yana jin Hausa." Ya juya sharuɗɗan yadda sai jaka ta tabbatar da nauyinta kafin ta shiga jerin tafiya, abin da ya rage duka ya faɗa tsibin dubawa. Sannan ya saɓi ma'aunin ya hau hawa na huɗu.